Hukuncin salla da azumin dattijon da gigin tsufa ya kama

Tambaya: Mahaifinmu ya tsufa, ba ya gane lokutan salla, yakan ci abinci da rana a watan Ramadan bai san ana azumi ba. Shin za mu ciyar a madadinsa? Muna da laifi idan muka ƙyale shi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum ibada. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito daga Nana A'isha ya sanya wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da aka ɗage wa alƙalami. Alƙur'ani kuma, a aya ta 70 ta Suratun Nahli da ta 5 ta Suratul Hajji, ya ambaci wanda tsufa ke kai wa matsayin da zai rasa sanin abin da ya sani a da. Don haka dattijon da ya kai ba ya bambance Azahar da La'asar, yana yin raka'a biyu ya juya ya kama hira, salla da azumi sun faɗi a kansa. Idan hankalin yana zuwa yana tafiya, duk sallar da ya farfaɗo a cikin lokacinta a taimaka masa da alwala ya yi ta, wadda ta wuce shi yana cikin ruɗewa babu ramuwa.

Wani zai ce ai Anas ɗan Malik ya ciyar da miskinai lokacin da tsufa ya hana shi azumi. Haka ne, amma Anas yana cikin hankalinsa, ƙarfin jiki ne ya gaza. Ciyarwa madadin azumi ce ga wanda umarnin ya hau kansa, kuma ko a wurin tsoho mai hankali Risalar Ibn Abi Zaid mustahabbi ta mayar da ita, mudu ɗaya a kowace rana. Wani kuma zai kawo maganar Malikiyya cewa wanda ya taɓu yana rama azumi idan ya warke. Wannan sai an warke ɗin, gigin tsufa kuwa lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan larura, har yau kuma ba a samu maganin warkar da ita ba. Zakka dai ba ta faɗuwa a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad, domin haƙƙin dukiya ce, waliyyinsa ne zai fitar.

Inda laifi zai iya shigowa shi ne wurin ku masu hankali. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana nuna wa iyaye ko da ƙosawa, kuma lokacin tsufansu ta ambata. Tsawa saboda ya maimaita tambaya sau goma, ko hana shi ruwa wai yana azumi, cutarwa ce. Jingina masa maita saboda surutan da yake yi ƙazafi ne, wanda ya fi yawa a kan tsofaffin mata. A kai shi asibiti, domin akwai ruɗewar da wata cuta ke kawowa wadda ake iya magancewa. Kada 'yan'uwa su bar wa suruka ko 'ya ɗaya wanki da ciyarwa da kwana a kansa, a raba kwanaki da kuɗin magani. Idan dangi sun gaza, kula da shi farilla ce ta kifaya a kan jama'ar unguwa. Ku sanar da liman da mai unguwa halin da yake ciki, don wanda ya gan shi a bakin titi da daddare ya san gidan da zai mayar da shi.

Allah ne mafi sani.