Harafi ya tsuke, cikinsa a buɗe

Duk wanda ya taɓa buga takarda a kwamfuta ya ci karo da Times New Roman, ko da bai kula da sunan ba. Haruffa ne tsukakku, kowanne tsaye a kan 'yan ƙafafunsa. Jaridar The Times ta Landan ce ta sa aka ƙera su. Stanley Morison ya tsara, Victor Lardent ya zana da hannu, jaridar ta fara fita da su ranar 3 ga Oktoba, 1932, ta kuma shekara 40 tana aiki da su.

Damuwar jaridar ita ce wuri. Takarda kuɗi ce, shafi kuwa an tsaga shi gida-gida, layin kowane gida gajere. Ana so kalmomi da yawa su shiga layi, ba tare da idon mai karatu ya jigata ba.

A dubi harafin "e" da kyau. An rage masa faɗi, amma ɗan farin da ke cikin kansa yana nan a buɗe. Yaya aka yi haka? An ƙara wa jikin ƙananan haruffa tsayi, aka gajarta wuyan "d" da jelar "p". Abin da aka zaftare a gefe, an rama shi a tsaye. Dalili kuwa shi ne tawada tana nashewa a takardar jarida. Harafin da cikinsa ya ƙuntata, nan take take cike shi, ya koma dunƙulen baƙi.

Yau kwamfuta na iya matse kowane harafi da dannawa ɗaya. Sai dai sandunansa na tsaye su rame, na kwance su zauna da kaurinsu, ya fito kamar an take shi. Shi ya sa gwanayen ɗab'i, in za su zaɓi tsukakken harafi, suke neman wanda aka zana a haka tun asali, su fara duba farin cikinsa kafin baƙinsa.

Ikon Allah, ashe wurin da ba a sa wa tawada ba shi ke sa a karanta wurin da aka sa wa!

Haka ɗan Adam yake idan samu ya ja baya, gida ya cika, wuri ya ƙure. Wani yakan zauna ya yi lissafi, ya rage wuya da jela: ɗinkin kowace Sallah, fankamar biki, kashe kuɗi don a gani. Amma fara'arsa tana nan, gaisuwarsa tana nan, kwanon maƙwabci bai daina fita ba. Wani kuwa zuciyar yake fara rufewa. Babbar riga tana nan da aikinta, amma fuska ta murtuke, har iyalinsa ba su san inda ya dosa ba.

Matsi ba ya sallama kafin ya shigo. Idan ya iso ƙofarka, ka rage ado, ka bar zuciya a buɗe.