Jarhu da Ta'adili a Ƙofar Ɗakin Fiɗa

Akwai wata magana da takan fito daga bakin mutanen kirki, idan aka ba ɗayansu shawara ya binciki likitan da zai yi masa fiɗa, ya san inda ya yi karatu, da irin aikin da hannunsa ya saba, da yadda waɗanda suka riga shi kwanciya a gabansa suka wanye, sai ya kada baki ya ce ai waraka ta Allah ce, likita sababi ne kawai, bin diddigin bawan Allah kuwa mugun zato ne wanda shari'a ta hana. Farkon maganar gaskiya ne, ba mai jayayya da shi. Ƙarshenta kuwa, a nawa ganin, kunya ce da kasala suka ari rigar tawakkali, domin da tonon halin wanda za a danƙa wa amana haramun ne, da ilmin hadisi kansa, wanda ya dogara da jarhu da ta'adili, watau bayyana aibin mai ruwaya ko shaida masa da adalci, bai tsayu ba.

Malaman hadisi ba su karɓi ruwaya daga mutum don kyawun rawaninsa ba, sai da suka gindaya masa sharuɗɗa biyu waɗanda ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya: adalci, watau gaskiya da tsoron Allah, da kuma kiyayewa, watau iya riƙe abin da ya ji ba ƙari ba ragi. An ruwaito cewa Imamu Malik ya riski mutum 70 a masallacin Madina suna ba da hadisi, waɗanda da za a ba kowannensu ajiyar baitulmali da ya riƙe ta bisa amana, amma bai ɗauki kome daga gare su ba, saboda ba su ne ma'abota wannan fanni ba. To, a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Mukan ji an ce likita wane mutumin kirki ne, ba ya rasa sahun farko, yana da fara'a da haba-haba da jama'a, sai hankalinmu ya kwanta, alhali kuwa duk wannan shaida ce a kan adalcinsa, ba ta ce kome ba game da ko ya taɓa tsaga ƙashin muƙamuƙi ya mayar da shi daidai. Haka kuma ƙwararren da ba shi da amana, wanda zai ɓoye maka hatsarin aiki don kada ciniki ya kuɓuce masa, shi ma bai cika sharaɗi ba. 'Yar dattijon Madyana, sa'ad da take ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, a aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, ƙarfi da amana ta ambata a haɗe.

Mu ɗauki fiɗar muƙamuƙi misali: wanda bai san abin da ke cikin fuska ba yana iya ɗauka wannan bincike tsanantawa ce. A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ta ratsa ta wani siririn rami, ita ce ke kai ji zuwa leɓen ƙasa da haɓa, kuma mai fiɗar da zai tsaga wannan ƙashi don ya matso da shi gaba ko ya mayar da shi baya, sa'an nan ya ɗaure shi da 'yan faranti da kusoshi, daf da ita yake aiki tun daga fari har ƙarshe. Idan ta taɓu, mutum yakan farka ya ji leɓensa kamar ba nasa ba, ya kai kofi baki koko ya zubo masa a haɓa bai sani ba sai an gaya masa. Wani ji ya dawo masa bayan watanni, wani kuwa shi ke nan har abada. Ga zubar jini, ga kumburi a kusa da hanyar numfashi, kuma duk wannan yana gudana ne a lokacin da aka yi wa mai jikin allurar barci, ba ya gani, ba ya ji, ba shi da ikon cewa a dakata.

Ba nufina ba ne in shiga saɓanin malamai game da wace fiɗa ce ta halatta, wace ce ta zama canza halittar Allah. Gyaran abin da ya lalace dai asalinsa sananne ne, domin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Kuma yaran da cutar noma ta cinye musu kunci ta ɗaure musu muƙamuƙi, waɗanda ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato tun 1999, ba mai hankalin da zai ce ƙawa suke nema. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta yi magana a kan fiɗar gyaran jiki, daga cikin sharuɗɗanta kuwa akwai cewa mai aikin ya zama likita ne ƙwararre a fannin, kuma ya bayyana wa majinyaci hatsarin da ke ciki. Abin da nake so a lura da shi shi ne wannan: wanda mota ta karya wa muƙamuƙi da tsakar dare lalura ta ɗauke masa bincike, duk likitan da ya tarar shi ne nasa, amma wanda ya zauna ya tara kuɗi ya zaɓi ranarsa da kansa, har ya yanki tikitin Masar ko Indiya ko Turkiyya bisa maganar dillali wanda ladansa ke hannun asibitin, ba shi da wannan uzuri, jikin da zai miƙa kuwa amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Magabata ba su bar al'amarin a hannun kyautata zato ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun fitar da hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, Ibnul Ƙayyim kuma a Zadul Ma'ad ya kasa masu magani kashi biyar, ya wanke ƙwararren da aka ba izini ya yi aiki bisa ƙa'ida hannunsa bai kuskure ba, ko da an sami asara. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, da labari ya kai ga Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, sai ya hana kowa aikin likita a Bagadaza har sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda, aka ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. Majalisar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya tun 1963 wannan aikin take yi. Sai dai a kula, rajistar zama likita daban, shaidar ƙwarewa a fiɗar baki da fuska daban, wadda ake samu bayan ƙarin shekaru na horo da jarrabawar kwalejin ƙwararru, ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Mai ta farko ba lalle ne yana da ta biyu ba, ko da kuwa allon ƙofarsa ya cika da haruffa.

Saura batun giba, wanda shi ne ke ɗaure harshen mutanen kirki idan aka zo tambayarsu. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta je wurin Annabi tana shawara game da mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu a fili, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya mai dukan mata ne, kuma Imamu Nawawi ya lissafa irin wannan nasiha cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta. Saboda haka ma'aikaciyar jinyar da ta san hannun wani likita ba shi da kyau, ko wanda aka yi wa aiki ya ga ba daidai ba, idan aka tambaye shi ya ce “to, Allah dai ya sa a dace” ya yi shiru, ya ha'inci mai tambaya ne, da sharaɗin in zai faɗa ya tsaya kan abin da ya sani, ba jita-jita ko ramuwar gayya ba.

Akwai kuma wani aibi da masu hadisi suke kira tadlisi, watau mai ruwaya ya ambaci sunan babban malami ya ɓoye wanda a haƙiƙa ya ji maganar daga gare shi, kuma irinsa ya bayyana a ɗakunan fiɗa na Koriya ta Kudu, inda sunan shahararren likita ne ke jawo mutane, amma da zarar barci ya ɗauke majinyaci sai wani dabam ya karɓi wuƙa. A 2016 wani ɗalibi ya shiga wani asibiti a birnin Seoul don a rage masa ƙashin muƙamuƙi, likitan ya bar shi ya tafi wurin waɗansu majinyata, jini ya yi ta zuba, ya rasu bayan 'yan makonni. Mahaifiyarsa ce ta zauna ta bi hotunan kyamarar ɗakin daki-daki har gaskiya ta fito a gaban shari'a. Majalisar ƙasar ta yi doka a 2021, wadda ta fara aiki a Satumba 2023, ta wajabta sa kyamara a ɗakunan da ake yi wa mutum fiɗa ba ya cikin hayyacinsa. Inda babu irin wannan doka, abin da ya rage wa mai niyyar kwanciya shi ne ya tambayi likita baki da baki wane ne zai riƙe wuƙa daga farko har ɗinki, wane ne zai kula da barcinsa da numfashinsa, ina za a kai shi idan jini ya ƙi tsayawa, sa'an nan ya nemi a rubuta sunayen nan a takardar izini kafin ya sa mata hannu.