Karta Ba Ta Zama Sana'a

'Yan'uwana mazauna New Bell, kakanninmu sun sauka Douala da goro da shanu, ba su da gona, ba su da dangi a bakin teku. Sa'ad da Jamusawa suka tashi mutanen Bell daga Bonanjo, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914, nan bayan gari aka ware musu, nan kuma baƙi suka tare. Jarin Bahaushe a lokacin amana ce. A ba shi kaya bashi babu takarda, ya dawo da kuɗi ranar da ya ce. Da wannan suna aka kafa Unguwar Hausawa, da shi aka samu rumfa a Marché Central da Marché Congo.

A da, ɗan caca ɓuya yake yi. Bayan kango yake shimfiɗa tabarmarsa, in ya hango dattijo ya tattara karta ya sunkuyar da kai, kuma ko zance ya je gidan mutunci ba a ba shi mata. Yau saurayi na zaune a ƙofar masallaci, waya a hannu, yana buga kartar da ake kira foka da mutanen da bai taɓa gani ba, kuɗin na fita ta Orange Money ko MTN MoMo. In ka yi magana ya ce: "Baba, wannan ba caca ba ce, lissafi ne, sana'a ce."

Ɗana, akwai lissafi a ciki, ban musa ba. Amma zauna mu yi lissafin tare. Teburin foka ba ya haifar da ko sisi. Abin da ka ci daga aljihun na kusa da kai ya fito, kuma kowane zagaye mai gidan caca yana zare kasonsa kafin a miƙa wa wanda ya ci. In aka daɗe a zaune, kuɗin teburin raguwa yake, sai 'yan ƙwararru kaɗan su kwashe saura daga hannun sababbin shiga. Kai da ka wuni kan babur ɗin haya, bensikin, daga Ndokoti zuwa Akwa cikin rana da ruwa, kai ne abincinsu. Mai tsire ya sayar, mai saye ya ƙoshi, kowa ya tashi da alheri. A karta kuwa dariyar ɗaya kukan ɗaya ce, shi ya sa Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye mu muka share hanyar. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 rayuwa ta yi tsanani, rumfunan cacar dawaki na PMUC suka bazu a tituna, da yawa cikinmu muka riƙa cika takardar dawakin da ke tsere a Faransa, muna cewa gwada sa'a ne kawai. Yaran suna kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yaro marar aiki ke shigowa da buhun shinkafa, uwa ta sa albarka, uba ya kau da kai, babu mai cewa "Ina ka samo?" Ranar da ya cinye kuɗin adashin uwarsa, ko jarin maigidansa, har magana ta kai gidan yarin New Bell, ranar muke salati.

Gwamnati ta yi dokar wasannin kuɗi a 2015, amma doka ba ta shiga ɗakin yaro da tsakar dare. Uba ne ke shiga. Ya tambayi tushen kowane kuɗi kafin a ɗora tukunya, ya mayar da wanda bai gamsu da shi ba ko gidan zai kwana da yunwa. Masu rumfa kuma su koma ɗaukar yaran unguwa suna koya musu ciniki, su sallame su da jari in lokaci ya yi, kamar yadda iyayengijinmu suka yi mana.