Haƙƙin Yaron Mota a Kan Maigidansa

A tashar Adjamé ta birnin Abijan, yaro ɗan shekara 16 yakan wuni a rataye da ƙofar gbaka, wato ƙaramar bas ta haya, yana kiran fasinja. Maigidansa direba ya yi masa alkawari wata rana zai koya masa tuƙi. To, yaushe ce ranar?

Direba yana da hujja. Mota mai giyar hannu ba ta son gaggawa. In yaro ya saki kuloci farat ɗaya, sai ta mutu. In ya daɗe da ƙafa a kai, sai ya ƙone shi, direba kuwa shi zai amsa tambayar mai mota. Wa kuma zai so sabon hannu a kan gadar Houphouët-Boigny, wadda tun 1957 take ƙetarar da mutane zuwa Treichville?

Amma a ganina jinkirin yakan wuce tsoro, ya zama cin amana. Ƙafa ba ta koyon kuloci daga bakin ƙofa. Ga fili da asuba, ga mota ba kowa ciki. Wanda ya hana yaro wannan sa'a har shekara uku, gudu yake kada ya rasa mai kira masa fasinja.