Riga Mai Lamba 7

Idan muka ce wane ya yi suna, me muke nufi? Mun saba ɗauka cewa suna ladan aiki ne, wato gwargwadon ƙwazon mutum gwargwadon nisan da sunansa zai kai. To, bari mu auna wannan zato da labarin wasu 'yan ƙwallon hannu biyu na ƙasar Sifen.

Iñaki Urdangarin da Rafael Guijosa ƙungiya ɗaya suka yi wa wasa, Basalona, a ƙarƙashin mai horarwa Valero Rivera. Tare suka ɗauki Kofin Turai sau biyar a jere, daga 1996 zuwa 2000. Tare kuma suka samo wa ƙasarsu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da ta Sidni a 2000. A 1999 Hukumar Ƙwallon Hannu ta Duniya ta zaɓi Guijosa a matsayin gwarzon ɗan wasan duniya, matsayin da abokin nasa bai taɓa samu ba. Amma fa in aka fita daga cikin masu bin wannan wasa, wanda a Sifen ɗin ma ƙwallon ƙafa ya danne shi, mutum nawa ne suka san Guijosa?

Shi kuwa Urdangarin sunansa ya zaga duniya har sau biyu, kuma ba ƙwallo ce ta kai shi ba. Na farko a 1997, da ya auri Gimbiya Cristina, 'yar Sarki Juan Carlos. Na biyu a 2018, da Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da ɗaurin shekara 5 da wata 10 saboda almundahana da kuɗin jama'a ta hannun cibiyar Nóos, wadda aka kafa da sunan ba don neman riba ba. Biki da gidan yari, su ne suka yi masa kiɗa.

Abu mai sauƙi ne mu ce an zalunci Guijosa, mu ɗora laifin a kan 'yan jarida. Sai dai mai shela ba ya ɓata muryarsa inda babu masu saurare, mu ne kuwa masu sauraren. Jefa ƙwallo raga daga lungun fili, inda ƙofar ta tsuke, sai wanda ya san wasan yake gane wuyarsa. Auren gimbiya da faɗuwar surukin sarki kuwa ko yaro ya gane. Kunnenmu labari yake so, ba gwaninta ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, shi ma Urdangarin sunan nan ya ci shi. Shekara 14 ya yi yana zuba gumi a Basalona, har aka rataye rigarsa mai lamba 7 a zauren Palau Blaugrana don girmamawa. Da asirinsa ya tonu sai wasu suka ce a sauke ta. Mun fahimci fushinsu, don kuwa kuɗin talakawa aka ci. Amma rigar ba shaidar gaskiya da riƙon amana ba ce, shaidar wasa ce, kuma kofunan nan ba satar su ya yi ba. Kotu ta hukunta ɓarawon, ya kuma yi zamansa a kurkukun Brieva. A ganinmu, a bar wa ɗan wasan rigarsa inda take.