Ka Ja Wa Gidanka Rawani

Karatu: Kubawar Shari'a 22:8, Matiyu 4:5-7

A karatunmu na yau Allah ya umarci duk wanda ya gina sabon gida ya ja rawani kewaye da soronsa, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Allah wanda ya raba teku ya iya tare mai faɗowa da hannunsa. Duk da haka maigida ya ba aikin. Kiyaye iyali daga hatsari biyayya ce ga Ubangiji, kuma babu hatsarin da ke cinye gida da sauri kamar gobara.

Ranar 3 ga Disamba 2019, tankar gas ta fashe a wata ma'aikatar tayil a Bahri, arewa da Kartum. Mutum 23 aƙalla suka mutu, fiye da ɗari suka jikkata. Mun yi kuka tare da masu kuka. Amma Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin wannan gas ɗin ne ke cikin tukunyar da ke madafinka, kusa da inda yaranka suke wasa.

Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, gidaje da yawa a Kartum da Omdurman sun koma ga gawayi da itace da kyandir saboda rashin lantarki. Daga 2025 iyalai suka soma komawa gidajensu, waɗansu suka tarar an yanke wayoyi ko sun lalace. To, ina rawanin da za ka ja yau?

Na fari, gas. Ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. In ka ji warinsa, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara. Ka gwada tiyo da kumfar sabulu. Inda ya yi ƙwai, nan yake yoyo.

Na biyu, gawayi. Kada a shiga da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa, ko da dare ya yi sanyi. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Haka janareta, wurinsa waje ne. A kashe kyandir da turaren wuta kafin a kwanta, a nisanta su da labule da gidan sauro. Lokacin iska mai ƙura, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumfar zana.

Na uku, yara. Ɗauke ashana da fetur da kananzir daga inda hannunsu ke kaiwa. Uwa, kada ki kulle yara a ɗaki ki tafi kasuwa, ko da na ɗan lokaci ne. Ku koya musu: in hayaƙi ya cika ɗaki, su yi rarrafe su fita, gama hayaƙi sama yake tashi, kada su ɓuya a ƙarƙashin gado. In riga ta kama wuta, kada su gudu, su kwanta su yi birgima. In mai ya kama a kasko, a rufe da murfi, kada a zuba ruwa. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20, ban da man goge baki ko ƙwai, sa'an nan a nufi asibiti.

Wani zai ce, “Ai Allah ne mai tsaro.” Gaskiya ne. Amma ka tuna lokacin da Shaiɗan ya kai Yesu ƙwanƙolin Haikali, ya ce ya dira tun da mala'iku za su tare shi. Ubangijinmu ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Wanda ya bar kyandir yana ci kusa da jariri, ya ce bangaskiya ce, gwada Allah yake yi. 'Ya'yan nan amana ce a hannunka, za ka kuwa ba da lissafinsu.

Yau da dare, bayan addu'ar iyali, ka zaga gidanka. Duba murhu, duba tukunyar gas, ka nuna wa kowa inda mabuɗin ƙofa yake. Gobe ka faɗa wa maƙwabcinka, Kirista ko Musulmi, gama wuta ba ta san katanga ba.

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin 'ya'yan da ka ba mu. Ka ba mu hikimar kiyaye su, ka ta'azantar da waɗanda wuta da yaƙi suka raba da nasu. Cikin sunan Yesu. Amin.