Wasa Farin Girki

'Yar'uwa, in yaro ya yi ɓarna garin ƙirƙira, duka ya kamace shi ko lallashi?

A 1957 da Rasha ta harba Sputnik, wani yaro a Amurka, Homer Hickam, ɗan garin masu haƙar kwal, ya soma haɗa ƙananan rokoki. Ta farkon ko tashi ba ta yi ba, ta fashe ta tarwatsa shingen mahaifiyarsa. Uwar ba ta hana shi ba, ta dai gargaɗe shi kada ya halaka kansa. A 1960 ya ci lambar zinare a gasar kimiyya, daga baya ya zama injiniyan NASA.

Shinge dai ana gyarawa. Yaron da aka kashe wa gwiwa fa, wa zai tashe shi? Ki sa ido, amma kar ki hana.